Ƙafiya Ba Kafiya Ba Ce

Godiya ta tabbata ga Wanda Ya koya wa ɗan Adam furuci, Ya kuma raba kowane harafi da ɗan'uwansa. Tsira da aminci su tabbata ga mafi fasahar masu magana.

Gidana yana cikin tsohon gari, a wani lungu da in mutum ya ɗaga kai daga bakin zaure zai hangi kan hasumiyar Gobarau. A zauren nan mahaifina ya karantar, a nan ni ma nake karantar da fiƙihu da nahawu, da kuma aruli, wato ilmin awon baitocin waƙa, wanda masu nemansa suka yi ƙarancin da nakan daɗe ban buɗe littafinsa ba. Daura da zauren akwai wata bishiyar bedi, a inuwarta samarin unguwa suka kafa majalisa. Ba na sauraren zancensu da gangan, amma bango ba ya hana murya shigowa.

Cikin masu zama a wurin har da autana. Tela ne, shagonsa yana wajen Ƙofar Marusa. Duk cikin 'ya'yana shi kaɗai Allah Ya ba kunnen aruli; tun yana ƙarami in an rera baiti mai karaya sai ka ga ya yamutsa fuska kamar ya tauna tsakuwa a shinkafa. Ya ɗauki littafin a gabana, ya kai rabi, sai waƙoƙin gambarar zamani suka janye shi. Na hana kiɗa a gidana, kuma har gobe ina kan hanin. Shi kuwa ya ɗauki hanin a matsayin kora, ya daina zaman zaure. Abin da ya rage tsakaninmu gaisuwar safe ce: ya durƙusa, mun kwana lafiya, ya gajiya, ya miƙe. Muka yi shekaru a haka, ga ɗa ga uba, babu tambaya babu amsa.

Wata shekara bayan Babbar Salla, wani mawaƙin gambara da samarin nan suke ji da shi ya fitar da sabon kundin waƙoƙi, abin da suke kira albam. Ban san fuskarsa ba, ban kuma nemi sani ba. Na dai san an yi wani abu, domin majalisar da aka saba jin shewa a cikinta ta koma zaman makoki mai haɗe da zagi.

Mai gyaran waya, wanda shi ne uban majalisar, shi ya fi kowa ɗaci. "Wallahi ya kwance mana zani a kasuwa," in ji shi. "Mun jira ya kawo mana wuta, ya kawo mana wa'azi."

"Babu abin takawa ko ɗaya," wani ya karɓe. "Kunna waƙar wurin biki ka ga amarya ta fara gyangyaɗi."

"Ai tsufa ne ya kama shi. Saura ya sayi buta da tasbaha."

"Ku bar ta waƙoƙin ma, ku dubi sunan da ya sa ma albam ɗin," in ji mai gyaran waya. "Kafiya. Da mu yake. Wai ya kafe, ba ya yi mana abin da muke so, mu yi ta kanmu. Mu da muka ɗauko shi tun yana cin garin kwaki."

A nan na ji muryar autana, a hankali. "Ba kafiya ba ce. Ƙafiya ce. Wayoyinku ne ba su sa ƙugiya."

"Mi ce?"

"Ƙafiya. Harafin da baitoci ke ƙarewa da shi. Kuma waƙoƙin nan awo gare su, irin na littafi."

Aka kwashe da dariya. "Sannu ɗan Malam. Tela ya zama shehi, yana auna waƙa da tef." Mai gyaran waya ya ƙara da cewa, "To ga zaure nan, shiga ka amso mana fatawa, in ka isa." Sun san abin da ke tsakanina da shi, shi ya sa suka zaɓi wannan ƙayar.

Ina zaune a kan buzu, raina ya ɓaci iyakar ɓaci, kuma ba zagin mawaƙin ne ya fara ɓata shi ba. Ƙaf da kaf haruffa biyu ne da ake raba wa yaro tun yana riƙe da allo. Ga samari masu gemu, da yawansu sun sauke, sun bari wata na'ura ta cinye musu ƙugiya, sannan suka gina gaba a kan abin da na'urar ta rage musu. Mutum ya yi musu sallama da kalmar ilmi, su suka ji ashar.

Bayan La'asar, da ɗalibai suka watse, sai na ji sallama a bakin zaure. Shi ne. Ya cire takalmi, ya durƙusa nesa da buzu, waya a hannunsa.

"Baba, tambaya gare ni."

Rabon da in ji wannan jumlar daga bakinsa har na manta. Na san abin da ke gabana sarai. In na ce ya tashi da wayarsa, ba zai sake shigowa da tambaya ba har a ɗauki gawata daga zauren nan. In kuwa na ce ya kunna, na rushe maganata da hannuna, alhali ban canza ra'ayi ba.

"Mayar da wannan aljihu," na ce. "Ka haddace?"

"Na haddace."

"To karanto da baki. Ba ganga, ba girgiza kai."

Ya gyara zama, ya tanƙwashe ƙafa kamar yadda yake yi yana yaro, ya fara:

Da can na yi wasa, da can na yi gasa,
Ina kan hawa ne, hawan ba ni fasa.

Ban ankara ba sai na ga yatsana yana buga cinyata. Gajere, dogo, dogo. Gajere, dogo, dogo. Fa'ulun, fa'ulun. Awon nan ne da ake kira Bahar Mutaƙarabi, tsaf, wanda malamanmu suka yi ta zuba waƙoƙin wa'azi a kansa. Ya ci gaba, baiti bayan baiti, kowanne yana sauka a kan "sa", bai kauce ba. Mawaƙin yana zancen mahaifiyarsa da ta tsufa, da abokan da suka mutu a hanya, da kunyar da yake ji in ƙanensa ya rera tsofaffin waƙoƙinsa a gabansa. A wuri ɗaya kawai yatsana ya yi tuntuɓe, inda ya cusa wata kalmar Turanci da ta fi ƙarfin gurbinta.

"Maimaita wannan," na ce. Ya maimaita. "Nan ya karye. Sauran kuwa lafiya lau. Wanda ya yi wannan ya zauna gaban wani, ko kuwa ya wahalar da kansa ƙwarai. Sunan kuma ƙafiya ne, babu ko tantama."

Na ɗauki sandata na fita. Ban taɓa tsayawa a majalisar nan ba, saboda haka da suka gan ni sai aka shiga ɓoye wayoyi ana zamewa daga kan benci.

"Allah Ya gafarta Malam, barka da yamma."

Na amsa, na tambayi iyayensu ɗaya bayan ɗaya, sannan na dubi mai gyaran waya. "Kai, ce ƙasa." Ya ce. "Ce kasa." Ya ce, yana sunkuyar da kai. "Ɗaya ne?"

"A'a, Malam."

"To ashe bakinka ya sani, idonka ne ya ci amanarka. Ƙafiya ita ce harafin da mawaƙi ke ɗaure kansa da shi, ya hana kansa duk wata kalma da ba ta sauka a wurin ba, kome daɗinta. Horo ne mutum yake yi wa harshensa. Ku kuma kun karanta ta taurin kai, kuka yi ta yaɗa zagi a waya, har kuna kiran abin da kuke rubutawa sharhi. Sharhi aikin wanda ya fahimci matani ne."

Wani daga baya ya yi ƙarfin hali. "Gafarta Malam, mu dai gaskiya waƙar ba ta yi mana daɗi ba."

"Wannan tsakaninka da kunnenka ne, ban zo sayar maka da ita ba. Ni ban ji kiɗanta ba, ba kuwa zan ji ba. Abin da ya fito da ni shi ne ku da kuke kiran kanku masoyansa. Mutum ya yi shekaru yana yi muku shirme kuna tafi. Ran da ya yi hankali, ya tuna uwarsa, ya auna maganarsa, ran nan kuka juya masa baya. Wane irin so ne wannan, da ba ya son a girma? Ko ɗan akuya aka ba ka kiwo, ai murna kake in ya yi ƙaho."

Ban dai ruɗi kaina cewa na sauya su ba. Ina juya baya na ji ana raɗa cewa albam ɗin ya dace da masu shi, tunda ga tsofaffi sun fara karɓa.

Abin bai tsaya nan ba. Washegari bayan Azahar wani Alhaji maƙwabcina, wanda muke sahu ɗaya da shi tun ƙuruciya, ya riƙo hannuna a ƙofar masallaci. "Malam, wai mi nike ji? An ce ka halatta gambara."

"Wa ya ce?"

"Yara ke faɗi. An ce har ka yaba."

"Alhaji, an tambaye ni awon baiti, na faɗi awonsa. In mashayi ya gina bango ya miƙe, aka tambaye ka, cewa za ka yi ya karkace?" Ya saki hannuna, amma na ga bai gamsu ba, kuma na san zancen zai zaga unguwa da ƙarin gishiri. Wannan ya ƙona mini rai fiye da na samarin. Su ƙugiya ɗaya suka yar. Manya kuwa jumla sukutum suka yar, suka ɗauki wadda ban faɗa ba. Sai da aka yi makonni wasu na gaishe ni a ɗage.

Ana cikin haka, wata safiya autana ya durƙusa gaisuwa, muka gama, bai miƙe ba.

"Baba, baitin nan da kuka ce ya karye."

"Ya karye."

"Ni ina ganin ba karaya ba ce. Zihafi ne."

Zihafi shi ne ɗan sassaucin da malaman aruli suka yarda mawaƙi ya yi, ya rage wani harafi ba tare da baiti ya lalace ba. Na dube shi. Tela, mai zare a wuyan riga, yana ja da ni a fannin da na tsufa a cikinsa, a kan waƙar ɗan gambara.

"Kai ka san zihafi? Ai daidai bakin babinsa ka gudu ka bar karatu."

"Shi ya sa na ce ina gani."

"Ba a gani a aruli, aunawa ake. Tashi ka ɗauko littafin, yana can saman kanta, ƙarƙashin na nahawu. Ka kaɗe shi a waje."

Ya ɗauko, ya zauna a gefen buzu, muka buɗe daga inda ya tsaya. Shago bai buɗu da wuri ba ran nan. Mun wuce babin zihafi tuni, muna gab da ƙarshen littafin, kuma har yanzu yana nan a kan cewa baitin lafiyarsa lau. Baitin kuwa ya karye.