Kawu Sanda da Biro

Ku da kuka san Kawu Sanda, wan innata, kun san in aka miƙa masa biro sai ya mai da hannu baya kamar an miƙo garwashi.

Tsire ne ya jawo. Ya saya a Ɗan Issa, aka naɗe masa a takardar Faransanci. Da 'yar lakwal ɗinsa, wato ɗan bokon da ya yi, ya karanta: labarin wani shugaban Cokta ne, wata ƙabila a Amurka, da ya sa hannu a takarda aka kwashe mutanensa daga ƙasar kakanninsu. Kawu fa, da goro ɗaya ke yi wa kwana uku, sai ga shi ya sayi tsire sau huɗu don ya ji ci gaba! Na biyar aka naɗe masa a jarida.

"Ina sauran sarkina?"

"Wasu sun tafi da shi, Baba," in ji mai tsire.

Shi ke nan, ko a asibiti ba ya sa hannu. "Haka aka fara da Cokta," in ji shi.

Ya kuma karanto cewa a can kawu ya fi uba iko da 'ya'ya. Ya tari babana: "Malam Idi, a Cokta kai baƙo ne a gidan nan."

Babana ya ce, "To a Cokta wa ke kawo hatsi?"

"Wannan wurin man tsire ya ɓata shi a takardar."

Da babana ya rasu, garkar Kawu, wato lambunsa na bakin tafki, ita ce ta riƙe mu. Wani attajiri ya zo daga Maradi har sau uku zai saya, 'ya'yan Kawu kuwa sun matsa a sayar. Wallahi Inna har ramewa ta yi. Kawu ya ce, "Alhaji, sha ruwa ka gai da gida. Na karanta ka a takardar tsire."

Da ciwo ya kwantar da shi, ya tara liman da shaidu da 'ya'yansa, ya ce a rubuta ya ba Inna rabin garka. Sannan ya ce, "Miƙo biro."

Na ce, "Kawu! Cokta fa?"

"Ɗan banza, riƙe mini hannu. Shi shugaban Cokta ya sa hannu aka tashi mutanensa. Ni don ku zauna zan sa."

Muna nan zaune, Kawu, bana ma albasa ta yi. Allah ya jiƙan ka, ya ba ka mazaunin da ba mai tashin ka.