Wanda Ya Koya Mana Hana Suruki Ruwa

Malam Hashimu mutumin Maradun ne, gajere, mai ƙaramar murya. Shi ne shugabanmu, mu masu kula da ƙofofin ruwa a gonakin Bakura, shekarun da aka fara sako ruwan dam ɗin Bakolori. Kowace gona da ranarta, namu buɗewa da rufewa kawai.

Watana uku da kama aiki na tafka shirme. Surukina Alhaji Yari ya zo da ƙafarsa, ya ce alkamarsa na jin ƙishi. To, wa ke duban uban matarsa ya ce a'a? Kaina a ƙasa na buɗe mishi, alhali ranar mutanen ƙarshen layi ce. Tumatirinsu ya yi yaushi, suka kai ƙara, aka ce a kore ni. Ga matata Taiba da tsohon ciki.

Malam Hashimu ya ƙi sa hannu a takardar korar. Ya ce wa manya an koya mana murɗa ƙarfe, ba a koya mana hana suruki ba, kuma laifin nasa ne shi shugabanmu, ba nawa ba. Daga nan kowace Alhamis sai ya tara mu gindin tsamiya, ya zura babbar riga, ya zama surukin kowa. Ka durƙusa, ka tambaye shi gajiya da iyali, sannan ka ce ruwan amana ne, ranarsa kaza. Mu yi ta dariya, shi ko murmushi babu. Ni sai da na maimaita sau tara, don bakina rawa yake. Wallahi na ji haushinsa lokacin. Amma da Alhaji Yari ya dawo na faɗa mishi hakan, ya yi tsaki ya tafi, aurena kuma bai mutu ba.

Shekara ashirin ina ci da iyalina da aikin nan, har na gaji kujerarsa. Shi kuwa ya yi ritaya, ya kama 'yar gona. Wata Litinin sai ga shi yana dogara sanda. Albasarsa ta kwanta, da idona na gani, ranarsa kuma Laraba. Makullin ƙofar ruwan na aljihuna.

Na durƙusa na ce, "Baba, ruwan amana ne. Sai Laraba."

Ya ce, "Sallau, ka tsallake gaisuwar iyali. Sake."

Na sake, hawaye na zuba. Ya gyaɗa kai, ya juya, ya tafi jiran Laraba. Allah ya jiƙan Malam Hashimu.