Gaisuwar da Inna ta aike ni Damagaram

Shekarun baya, lokacin da tele ɗaya ce tak a ƙauyenmu, can wajen Gangara, mahaifina ya rasu bayan girbi. Mahaifiyata ta gama takaba amma ba ta fito ba. Ba ta zuwa rijiya, ba ta zuwa suna, abinci ma sai an matsa mata. Muna kallo tana ramewa, mun rasa abin yi.

Telen nan a filin lakwal, wato makarantar boko, ake ajiye ta, da batir take aiki, kuma sau ɗaya a mako ake nuna wasan kwaikwayo na Hausa. Ƙanwar mahaifiyata ce ta ja ta can wata rana, da ƙyar. A wasan, wata mata ce mijinta ya mutu. Ba ta yi kururuwa ba. An nuna ta tana kwashe tuwo, ta zuba kwano biyu, ta tsaya tana duban na biyun, sannan ta mayar da shi tukunya a hankali.

A lokacin ina kai cuku Damagaram ina sayarwa, can kuma 'yan wasan suke. Washegari Inna ta kira ni, ta miƙo mini ƙullin cuku mai kyau da ɗan gero, ta ce, "In ka je, ka nemi matar nan ka yi mata gaisuwa."

Ni kuwa da 'yar bokona ta firamare, ina jin kaina wayayye, na ce, "Inna, wasa ne fa. Mutumin bai mutu ba."

Ta dube ni. "Na san wasa ne, ai ba yarinya ba ce ni. Shi bai mutu ba. Amma kwanon nan ba koya mata aka yi ba."

Tun rasuwar baba ba ta yi magana mai tsawon haka ba, don haka ban ƙara musu ba.

Da tambaya na kai gidan da 'yan wasan suke taruwa. Ina faɗin abin da ya kawo ni suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Samari, bismilla, ga mamacin can yana shan shayi, je ka yi masa addu'a a kusa." Mamacin kuwa ya ɗago kofi ya ce, "In akwai sadaka a ba ni hannu da hannu." Na ji kamar in ajiye kayan in gudu.

Matar ba ta yi dariya ba. Ta fi yadda take a tele tsufa, kuma ɗinki take yi a gidanta, wasan sha'awa ce kawai. Ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, me tsohuwar ta ce daidai?" Na maimaita mata maganar kwano. Sai ta ce maigidanta ya rasu bara waccan, kuma ba a sa ta yin haka a wasan ba, hannunta ne ya zuba biyu, masu ɗaukar wasan suka bar shi. Ta karɓi saƙon da hannu biyu. Ta ce, "Ka ce mata na amsa, ina yi mata ita ma. Ka ce hannun yana dainawa, amma ba da wuri ba. Ta riƙa cin nata kwanon kafin nan."

Da na dawo na faɗa wa Inna. Ta shiga ɗaki, muka ji kukanta, na farko da muka ji. Bayan kwana kaɗan na gan ta da tulu a kan hanyar rijiya, tana gardama da ƙanwarta a kan abin da zai faru a wasan mako mai zuwa.

Yanzu 'ya'yana suna kallon nasu a waya, kowa da tasa. Hoton ya fi kyau nesa ba kusa ba, gidaje manya, motoci, kuka da kiɗa a bayansa. Ba na aibata su, wasu ma suna da ma'ana. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya sa na ji ya kamata in tashi in je gaisuwa ba. Wataƙila ni ne na tsufa.

Inna ta rasu da daminar da ta wuce. Mun sanar da dangi har Belbeji da Agadas, amma mutum ɗaya ta rage. Ban tambayi sunan matar nan ta wasan ba, kunya ta hana ni a ranar. In akwai ɗan Damagaram da ya gane ta, kuma tana raye, don Allah a gaya mata tsohuwar Gangara mai cuku ta riga mu gidan gaskiya.