Inna Hajara da Tukwanen Baranda

Ranar Talata ce, ina tsaye a gaban allo ina koya wa 'yan aji huɗu, wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Ba na ɗaga waya a aji, amma da na leƙa na ga sunan Baba sai na san ba lafiya ba, domin Baba ba ya kira. Inna ce mai kira, shi kuma ya tsaya a gefe yana cewa a gaishe ni. Na ɗauka, na ji numfashinsa kafin muryarsa. Ya ce, "Uwata, ki zo gida. Hajiya ta riga mu." Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san wanda ya tare mini keke ba. Abin da nake tunawa shi ne mai keken ya waiwayo ya ce, "Madam, ko mene ne, ki yi haƙuri."

Inna ta gama sharar tsakar gida ke nan ta ce kanta na sara mata, ta zauna a bakin ƙofa. Kafin maƙwabci ya fito da mota, rai ya yi halinsa. Dama tana fama da hawan jini, kuma ba ta taɓa yarda a kira shi ciwo ba. Kafin la'asar an kai ta makwancinta.

Sunanta Hajara. 'Yar ƙabilar Alago ce daga garin Keana, aure ya kawo ta Lafiya tun tana yarinya, gidan Baba, wanda kakanninsa suka zo daga Kano da fataucin tufafi. Waɗanda suka san ta za su shaide ni, Inna ba mai sanyin baki ba ce. In ka yi ba daidai ba, a gabanka za ta faɗa, ko kai waye, sannan ta zubo maka abinci ta tsaya a kanka sai ka cinye. Akwai randa da ta ajiye a ƙofar gida saboda 'yan acaɓa da masu tura baro, kullum da safe ita ke wanke ta da hannunta. Na taɓa ce mata ta bari sai wanda ya roƙa a ba shi, tunda yara na wasa da moɗar. Ta harare ni ta ce, "Wanda ya buɗe baki ya roƙi ruwa, ai ya daɗe da ƙishi." Ranar gaisuwa na ga mutanen da ban taɓa gani ba, Eggon da Tibi da Fulani, kowa da abin da zai ce ta yi masa. Wata mai sayar da doya ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce lokacin da mijinta ke kwance a asibiti Inna ce ke kai musu kunu, alhali tsakaninsu ciniki ne kawai.

Amma ni abin da na zauna in rubuta yau shi ne labarin tukwanen baranda, domin a nan na fi sanin iyayena.

Lokacin da gwiwa ta hana Baba zaman shago, yayana da ke Abuja ya kawo masa shuke-shuke a tukwane don ya sami abin yi. Alobera, na'ana'a, da wani mai faffaɗan ganye da ba mu san sunansa ba, muka sa masa kunnen giwa. Abu kamar wasa sai da baranda ta cika, har wasu suka shiga falo bakin taga. Nan fa rigima ta tashi, wadda ba ta mutu ba sai da Inna ta mutu. Baba ya ce ba a ba shuka ruwa ta sama. Sai ya cika baho, ya sa tukunyar a ciki, ruwan ya shiga ta hujin gindi ya hau a hankali har saman ƙasar ya yi danshi, sannan ya ɗaga. Ya ce ta haka saiwa ke bin ruwa ƙasa ta yi ƙarfi, ganye ba ya jiƙa ya ruɓe, ƙananan ƙudajen nan ma ba sa samun wurin zama. "Bishiya da ƙafa take sha, ba da kai ba," in ji shi. Inna kuwa buta take ɗauka ta tsiyaya ta sama har sai ruwa ya fito ta ƙasa. In ya yi magana ta ce, "Alhaji, Wanda ya halicci shukar daga ina yake sauko mata da ruwa?"

Wallahi sai da suka raba tukwanen. Na hannun dama na Baba, na hagu na Inna, kuma dokar gidan ita ce kada wanda ya taɓa na wani. Ni kaina na sha faɗa a kan haka. Duk ranar da na zo gaishe su, sai an sa ni alƙalanci. Baba ya ja ni ya nuna mini sabon toho, Inna ta ƙwalo daga kicin, "Kada ki biye masa, tsohon nan ya mai da shuka jaririya, kullum wanka a baho!" Shi kuma ya ce, "Kin ji mutuniyar Keana, ita komai a wurinta tatar gishiri ne." Haushi nake ji a lokacin. Nakan ce a raina, manya da su, sun rasa abin faɗa sai ruwan tukunya.

Maganar gishirin tana da tushe. Inna ta tashi a hannun kakarta, cikin matan da ke dafa gishiri a Keana. Ta sha ba mu labarin yadda suke kankaro ƙasa mai gishiri, su zuba a tukunya mai huji, su kwarara ruwa ta sama, ruwan ya ratsa ƙasar ya ɗigo da gishirin a ƙasa, sannan a dafa. Saboda haka takan ce wa Baba, "Ruwa in ya hau, gishiri yake bari. In ya sauka, da gishiri yake tafiya." Ruwan burtsatsen unguwarmu kuwa kowa ya san shi, ko a buta ya daɗe sai ka ga fari-fari. Baba ya ce shekara nawa yana yi ta ƙasa, ga tukwanensa nan shar, ina gishirin? Sai ta taɓe baki ta ce, "To, Allah ya ƙara musu lafiya."

Bayan an yi bakwai, 'yan'uwana maza suka koma Abuja da Kaduna, baƙi suka watse, aka naɗe tabarmi. Gida ya rage daga Baba sai tukwane. Ni kaɗai ce a gari, kullum in na tashi daga makaranta sai na biya kafin in wuce gidana. Abin da na gani ya tsorata ni. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya koma sai "to" da "madalla". In na kawo abinci ya taɓa cokali biyu ya rufe. Juma'ar farko ya je masallaci, daga ita bai sake zuwa ba, ya ce gwiwa ce. Baba da ko zazzaɓi yake yi sai an riƙe shi ya je! Na faɗa wa mijina ƙarara, ina tsoron tsohon nan bin ta zai yi. Ni ma ba wani ƙarfi gare ni ba. Sau nawa na ɗauki waya da yamma zan kira ta in tambaye ta wani abu, sai in tuna, in ajiye.

Tukwanen Inna ni nake ba su ruwa da butarta, yadda take yi. Na Baba ban taɓa ba, shi ke abinsa da baho, shi ne ma abu ɗaya da bai bari ba. Ana gab da sadakar arba'in na lura na hagu suna nan lafiya, na dama kuwa bakin ganyensu ya fara ƙonewa kamar an bi da wuta. Na duƙa na duba kunnen giwa, sai ga wani farin ɓawo a saman ƙasar da gefen tukunyar. Na kankara da farce na ɗanɗana. Gishiri ne. Ban yi shawara da kowa ba, na ciko buta na nufi ɓangarensa.

"Ajiye butar nan," in ji Baba daga kan kujerarsa.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Baba! Ba ka ci, ba ka fita, ba ka magana, yanzu kuma su ma so kake su mutu muna kallo? Gishiri ne fa, abin da Inna ta yi ta faɗa."

Ya ce, "Na san gishiri ne, Uwata. Zauna."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya ce duk ranar Juma'a, da zarar ya fita masallaci, Inna takan bi tukwanensa ɗaya bayan ɗaya ta kwarara musu ruwa ta sama har sai ya wanke ƙasar ya fito. Sai ta goge baranda. Amma siminti ba ya ɓoye danshi, in ya dawo yakan tarar da wurin a jiƙe, ya tsallake ya shige ɗaki. Na ce, "Kuma ba ka taɓa yi mata magana ba?" Ya ce, "In ce me? Ta san na sani. Ni ma in ta tafi biki Keana, nata nake sawa a baho, don ƙasarsu takan bushe ta ƙame, ruwan butarta ta gefe yake zurarewa bai shiga ciki ba. In ta dawo ta ɗaga tukunya ta ji nauyi, ba ta cewa komai." Ya share fuskarsa da hannun riga. "Da mun yarda da juna, da me za mu yi ta hira a kai, mu biyu a gidan nan?"

Na ce to ya bari in zuba, ko shi ya zuba da kansa. Ya girgiza kai. Ya ce, "Ban taɓa gani ana yi ba, ba kuma zan zauna in kalla ba. Juma'ar nan da na je, na dawo na tarar da barandar nan a bushe ƙamas. A ranar na san Hajiya ta mutu, ba ranar da muka binne ta ba. Gwiwata ƙalau take. Dawowar ce ba zan iya ba."

Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yammacin ba, ga ni ga mahaifina, kowa da nasa, ba mai iya ɗauke wa wani. Da zan tafi na ce, "Baba, jibi Juma'a, ana tashinmu da wuri. Ka sa a goge maka farar shaddarka."

Ranar Juma'a na iso na same shi a shirye, har da turare. Bai dube ni ba, bai dubi tukwanen ba, ya ɗauki dardumarsa ya fita ya tari keke. Na tsaya ni kaɗai a barandar, na bi tukwanensa ɗaya bayan ɗaya, ina tsiyayawa har ruwa ya ratsa ya fito ta gindi. Na yi kuka a wurin irin wanda ban yi ba ranar jana'iza, domin babu wanda zai ce mini in yi haƙuri. Da na gama na ɗauko tsumma na goge.

Na ji sallamarsa bayan an sauko daga masallaci. Ya tsaya a bakin baranda yana kallon simintin, ya daɗe. Ni ina kicin ina leƙensa. Sai ya tattare rigarsa ya tsallake. Daga cikin falo na ji ya ce, "Uwata, akwai sauran tuwon nan?"

Ya cinye tas. Ban ce ya warke ba, ni ma ban warke ba. Ya san hannuna ne ba nata ba, kuma har yanzu da yamma shi kaɗai yake zama, babu mai mayar masa da magana. Amma yana fita, ni kuma na san inda zan kasance kowace Juma'a muddin yana raye.

Ya Allah, ga baiwarKa Hajara ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yafe mata kaifin harshenta saboda taushin hannunta. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka shayar da ita daga tafkin Alkausara kamar yadda ta shayar da bayinKa ba tare da sun roƙa ba. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Wanda duk ta ɓata wa, muna roƙonsa ya yafe mata don Allah. Ka ba mu haƙurin rashinta, mu 'ya'yanta da jikokinta da danginta na Keana. Ka dubi mahaifinmu, Ka zame masa abokin zama a gidan da ya yi masa faɗi, in kuma tasa ta zo Ka sada su cikin rahamarKa. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da imani. Amin.