Dutsen da Inna Ta Ɗora

A duk layinmu na unguwar Tandabawi a Makka, gidanmu ne kaɗai babu dutsen niƙa. Maƙwabta suna niƙa dawarsu da hannu, mu kuwa kullum sai a sayo gari, kuma in ka tambayi Inna dalili ta harare ka. Sai da na yi aure na haihu, bayan babban yaƙi, lokacin da ƙafafunta suka fara kumbura, sannan ta gaya mini. Wai ina da wa. Ni da nake ta tinƙaho ni ne ɗan fari!

Lokacin da su Inna suka tsallako teku daga Sudan da niyyar hajji, mai jirgin ya sauke su a wani tsibiri, ya ce zai ɗebo ruwa ya dawo. Ashe sayar da su ya yi. A tsibirin akwai gidan niƙa, inda ake niƙa wa jirage hatsi. Raƙumi yana juya babban dutse, mata suna durƙushe a kan ƙananan, masu huda a tsakiya, waɗanda Larabawa ke ce wa raha. A nan wan nawa ya rasu a bayanta tana niƙa, ba ta ma sani ba sai da ta kwance goyo. A garinsu tulu ake fasawa a sa a kan kabari don shaida. Ba ta da tulu, sai ta ɗora masa wata raha da ta tsage.

"Ka kai ni in zuba masa zamzam," ta ce, "kafin ƙafafun nan su ƙi ni."

Na yi ta ƙorafi, na ce hanya ce mai wuya. Ko kallona ba ta yi ba, tana ta cika ƙaramar tanakarta, wato gwangwanin ruwa, da zamzam. Haka muka hau lori zuwa Jidda, daga nan muka shiga jirgin masunta, tanaka tana rungume a ƙirjinta.

Gidan niƙan yana nan, amma rufin ya zube. Babban dutsen yana kwance, awaki suna hawa kansa. A jikin bango na ga zobban ƙarfe sun yi tsatsa, ban tambaye ta amfaninsu ba. Ta dafa kafaɗata muka zaga baya, inda ta ce kabarin yake. Yashi ne fetal, ko tsakuwa babu. Muka koma gabas, muka dawo yamma. Ta ce a da akwai ƙofa a nan, ko kuwa a can ne, ta rasa.

Wani tsohon masunci yana ɗinkin koma a inuwa, na tambaye shi ina ƙananan duwatsun suke. Ya yi dariya, ya ce ai babu abin da ya kai su daɗin tsayar da jirgi. A zura igiya a hudar, a jefa a ruwa, shi ke nan. Tun zamanin ubansa aka kwashe su.

Wallahi raina ya ɓaci. Na zazzaga masa masifa da Larabci da Hausa, har da abin da ban kamata in faɗa wa sa'an ubana ba. Ya dafe kai, ya rantse ba su san akwai mutum a ƙasa ba. To me zan yi masa? Ya jawo rahar da ke jirginsa ya nuna wa Inna. Ta shafa ta ciki da baya, ta ce wannan ba ta tsage ba.

Daga nan ta buɗe tanaka. Tun da ba ta san wurin ba, ta ce za ta zagaye ginin duka tana ɗigawa kaɗan-kaɗan, dole ɗigo ɗaya ya same shi. Ina riƙe da ita, tana jan ƙafa, tana kiransa ɗan nan, don yaron fari ba a faɗin sunansa. Ba mu ci rabin ginin ba ruwan ya ƙare. Ta kife tanakar, ta girgiza, babu komai. Ni ƙato da gemu, ina tsaye ba abin da na iya.

Muka kamo hanya har muka iso Makka. Sai da na sauke ta a ƙofar gida, ina cire mata takalmi, ta ce, "In kuma yana ɗaya gefen fa?"

Na ce za mu koma baɗi. Ba ta kai baɗin ba.