Rumfar da Aka Jingina da Ɗakin Kaka

Har yau idan na wuce inda ake kwaɓa ƙasar gini, warin jan laka da ramno ya bugi hancina, sai gabana ya faɗi. Mutane ƙamshi suke ce masa. Ni ma haka nake ce masa ina yarinya a gidanmu na Likoro, kafin ɗakin kakata ya zube saboda ni. Na faɗa maka tun yanzu don kada ka gyara zama kana jiran labarin daɗi.

Gidanmu gidan manoma ne, masara da dawa, sai ɗan lambu a bayan gida inda mata ke shuka kuɓewa da rama da yakuwa. Ɗakin Kaka shi ne na ƙarshe kafin lambun. Soro ne na ƙasa mai rufin azara, da 'yar taga wadda kan mutum ba zai shiga ba. Da zafi sanyi gare shi, da sanyi kuma ɗumi. Kakanmu namiji ne ya gina shi da hannunsa shekarar da aka kawo ta gidan. Ni ban riske shi ba, amma na san girman hannunsa, domin sawun yatsunsa yana nan a jikin bangon baya daga ciki, inda ya shafe laka bai goge ba. Kaka kan jingina a wurin idan tana kaɗi, wani lokacin ta ɗora tafinta a kai tana hira da mu, ba ta ma san ta ɗora ba.

Kakan namu ya bar wata doka a gidan da kowa ya sani, har mu yara. Ba a jingina komai da bango. Ko rumbu ne, ko turken akuya, ko tarin kara, sai an bar lungu tsakaninsu da gini, wanda mutum zai iya ratsawa da kwandon laka a ka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk shekara idan bazara ta shigo, hadari ya fara haɗuwa a gabas, maza kan haƙo ƙasa a kududdufi, su tattaka ta da ramno, su bi bangayen gidan da yaɓe. Mata su jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a shafe saman soro don ruwa ya zame. Bangon ƙasa bai son komai kamar a riƙa ganinsa. Wanda aka daina gani, shi ke cin mutane.

To, ni sunan Kaka aka sa mini. Ka san yadda abin yake a wajenmu. Mahaifina ba ya iya kama sunana, sai dai ya ce Uwata. Ba ya yi mini tsawa, ba ya hana ni abu a gaban mutane. Ita kuwa Kaka takwara take ce mini, a ɗakinta nake kwana, a kwanonta nake ci. Idan mahaifiyata ta ɗauko tsumagiya, bayan Kaka nake gudu in leƙo ina mata gwalo. A gaskiya an sangarta ni, kuma na san an sangarta ni, na iya amfani da abina sarai. Ga wani abu kuma: mahaifina shi ne ɗan farin Kaka. Saboda kunya ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta taɓa ce masa ya yi daidai ko ya yi kuskure. Gaisuwa ce kawai ke haɗa su, ya durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana kallon gefe.

Shekarar da na shiga aji huɗu Kaka ta ba ni 'yar tunkiya fara mai baƙin kunne. A shekarar ne kuma mahaifina ya samo tsofaffin langa-langa daga kasuwar Makarfi, ya ce zai kafa rumfa ta ajiye fartanyu da garma da buhunan taki, don ruwa yana lalata su a zaure. Ya riga ya share wuri can ƙarshen lambu kusa da rumbuna. Ni kuwa na kafe sai dai a kafa ta a bayan ɗakin Kaka, a ware wa tunkiyata gefe guda, yadda zan riƙa jin motsinta ta taga. Na yi kuka, na ƙi cin tuwo. Baffana, ƙanen mahaifina, ya ce ai ma an huta, bango ya zama gefe guda na rumfar, langa-langar da ma ba za ta isa ba.

Ranar da za a kafa, Kaka ta fito da butarta ta tsaya. Ta ga an fara huda bangonta daga sama ana cusa itatuwan da za su ɗauki rufi.

“A nan za a kafa?” ta tambaya, ba ta kalli kowa ba.

Mahaifina ya durƙusa. “Inna, takwararki ce ta zaɓi wurin. Amma in ba ki so, sai a mayar can.”

Ta juyo ta dube ni. Ina tsaye rungume da wuyan tunkiya, hawayen jiya bai gama bushewa ba, kuma na tabbata na ƙara kwaɓe fuska da gangan.

“To, inda ta zaɓa ya yi,” in ji ta. Ta wuce ta yi alwalarta.

Damina ta farko ba abin da ya faru, ko in ce ba abin da ya nuna. Na ji daɗina. Ruwa na sauka, ina kwance ina jin tunkiyata tana tuƙa a bayan bango, busasshiya, ni ma busasshiya. Ban san cewa indararon ɗakin a kan langa-langar yake zuba ba, ruwan ya fantsama ya koma jikin bango, wani ya bi itatuwan nan ya shige cikin ramukan da aka huda. Da bazara ta zagayo aka yaɓe gefe uku na ɗakin. Na huɗun buhuna da garma sun tare shi, rufi ya danne samansa, ba inda mai kwando zai tsaya. Aka ce a bari sai baɗi.

A damina ta biyu ne na fara jin wari a ɗakin, irin na tabarmar da ta kwana a jiƙe. Wata safiya ina neman ɗankwalina a bayan akwatin Kaka, sai na ga bangon ya yi baƙi daga sama har ƙasa, gara ta ja hanyoyinta a kai. Na taɓa, laka ta biyo yatsana. Kaka tana zaune a bakin gado tana kallona.

“Takwara, bar wurin nan. Zo ki kama mini.”

Muka ɗauko sabuwar tabarma, ta kafa ƙusa, muka rataye ta a kan wurin. Ta jawo akwatin ta danne ƙasanta.

“Kada ki gaya wa kowa,” in ji ta. “Rani na zuwa, zai bushe.”

A nan ne abin yake yi mini ciwo. Ba ƙaramar yarinya ba ce ni da zan ce ban gane ba. Na san dokar gidan, na san daga ina ruwan yake, na san idan mahaifina ya ji za a rushe rumfar a mayar da tunkiyata ƙarshen lambu. Da Kaka ta ce in yi shiru, daɗi na ji. Na riƙe umarnin nan da hannu biyu kamar ba ni ce mai ƙin jin magana a gidan ba.

Rani ya zo, bangon ya bushe daga waje, ya tsattsage. Baɗin da aka ce ya zo, aka sake yaɓe gefe uku. Kaka ta daina jingina a wurin da ta saba, ta koma kaɗi a bakin ƙofa. Mahaifiyata ta yaba tabarmar da aka rataye, ta ce ta ƙawata ɗakin.

Cikin marka ta damina ta uku ya faɗi, bayan an kwana ana yayyafi an wuni ana yi. Da la'asar ne, Allah ya sa Kaka tana rumfar girki tana tsinke zogale, ni ina gefenta. Ba wata ƙara mai tsanani muka ji ba, wani irin gunji ne mai nauyi, sai kukan langa-langa. Bangon baya ya sulale ya kwanta a kan rumfar, azara ta biyo shi, rabin soron ya rufta a kan gadonta. Ni ihun tunkiya na fara yi. Ita kuwa tuni ta tsinke igiya, tana tsakiyar lambu da 'ya'yanta tana cin ganyen kuɓewa, ko ƙwarzane babu.

Maza suka taru suna salati suna janye itatuwa. Kaka ta tako a hankali cikin ruwan, ba lulluɓi, ta tsaya tana duban tarin lakar. Na ga ta sunkuya ta ɗauki wani ɓaraguzi ta juya shi, ta ajiye, ta ɗauki wani. Na san abin da take nema, sawun yatsun nan ne. Ruwa ya riga ya narkar da komai.

Baffana ya ciro tabarmar nan daga cikin laka, ya ɗaga ta, ya ga bayanta duk gara ta cinye.

“Inna, ashe an daɗe! Ba wanda ya gani ne?”

“Ni kaɗai na gani,” in ji ta. “Tsufa ne, na manta ban faɗa ba.”

Ina tsaye kusa da ita, ban ce uffan ba.

Bayan girbi aka sayar da amfanin gona aka gina mata ɗakin bulo da rufin kwano. Kowa ya ce ta samu ci gaba. Ta yi godiya, ta sa albarka. Amma da zafi ba ta iya zama ciki, da damina ƙarar ruwa a kan kwano ba ta barinta ta runtsa. Ta zauna a ɗakin har ƙarshen rayuwarta, ban taɓa jin ta ce ɗakina ba, sai dai ta ce ɗakin can. Kuma ba ta taɓa sauya mini fuska ba, ko sau ɗaya. Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Yanzu ina zaune a Ikara da iyalina. Idan na je Likoro da ƙyar nake gane gidan. Duk an koma bulo da siminti, ɗaki manne da ɗaki, shago manne da katanga, ba wanda ke barin lungu don ba wanda ke yaɓe. 'Ya'yan ƙannena suna kiran iyayensu a waya su yi musu gardama, iyayen su mayar musu. Da ina ganin rashin kunya ne. Yanzu ban san me zan ce ba, domin na ga abin da kunya da kara suka ci a gidanmu.

Bara na je gaida mahaifina. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, a zaure yake wuni da carbinsa. Bayan mun gama gaisawa, na tambayi jiki, ya tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya, sai na ce masa akwai maganar da ta daɗe tana cin raina. Na gaya masa na ga danshin nan, ni na kama wa Kaka tabarmar, na yi shiru don tunkiya. Na sunkuyar da kai ina jiran ko faɗa ne, ko yafiya.

Ya ajiye carbinsa.

“Uwata, ni a ina nake ajiye fartanyata a lokacin?”

“A rumfar, Baba.”

“Kullum da safe sai na shiga. Ina ganin bangon. Har yatsa na taɓa turawa ya shige.” Ya goge idonsa da bakin riga. “Jira nake Inna ta yi magana, in rushe, in ce miki ita ta ce. Ban so a ce ni na sa ki kuka ba. Ita kuma ba ta yi maganar ba.”

Na je ne in sauke nauyin da ke kaina, sai na tarar tsohon nan ya fi ni ɗauka. Manya biyu, kowanne yana ganin ginin na ruɓewa daga nasa gefen, suka gwammace ya faɗi da ɗayansu ya ce mini a'a. Baba ya ce in daina kuka, in yi wa Kaka addu'a. Na ce to. Muka zauna a zauren har aka kira la'asar, ba wanda ya iya kallon wani.