Tsallaken da Inna Ta Yi

Inna, mahaifiyata, ba ta iya miƙo maka gishiri ba tare da karin magana ba. Wanda ta fi so shi ne "mutum rahama ne". Ni kuwa tun ina ƙarama nake ce mata rahamar nan tana da haƙora.

Ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi, na zo gida Lafia wankan jego. Inna tana gasa doya a ƙofar gida tana sayarwa da manja. Wata rana ta ɓantara wa ɗan maƙwabciyarmu ɗan guntu, kamar yadda ta saba. Washegari zazzaɓi ya rufe yaron, yana ta sambatu yana kiran sunan Inna.

A wurinmu, in mara lafiya ya kira suna, to ya faɗi mayen da ya kama kurwarsa ke nan. Kafin azahar tsakar gidanmu ta cika. Mutanen da suka ci doyarta bashi da kyauta, su ne a gaba. Suka shimfiɗe yaron a tabarma.

Uwarsa ta durƙusa ta ce, "Inna, don Allah ki tsallake shi. Ki sake mini yarona."

In ta ƙi ya mutu, ita ta cinye shi. In ta tsallake ya tashi, ta tabbata mayya. Kuma maita a nono ake shanta, ga jaririyata a ƙirjina tana tsotso, idanu suna ta sauka a kanmu. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Na riƙe mata zane na ce, "Inna, da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Ta ɓamɓare hannuna. "Wanda ya ƙi tashi, ba ɗansa ne a kwance ba."

Ta ɗaga ƙafa ta tsallake yaron.

Yaron ya warke. Inna ta yi murna tsakani da Allah, ta soya ƙosai ta kai sadaka gida-gida. Da yamma na ga kwanukan jere a bakin ƙofarmu, ba wanda aka taɓa. Ta ɗauko ɗaya ta zauna tana ci ita kaɗai. Na jira karin maganar da za ta yi, ba ta yi ba.